Folda ɗaya a wuri biyu, amma Linux ya ƙi yarda

Abu Maryam, Jidda: Assalamu alaikum. A ofishinmu na hidimar masu Umara muna ajiye hotunan fasfo a kwamfuta mai Ubuntu, wani nau'in Linux, kuma ina so folda ɗaya ta bayyana a ƙarƙashin shekara da kuma ƙarƙashin sunan wakili, ba tare da an kwafe ta ba. Umarnin ln yana ba fayil suna na biyu, amma ga folda ya ƙi, ko da na sa sudo, mai ba da cikakken iko a kan kwamfutar. In tilasta masa ne, ko in haƙura?

Malam Habibu, Makka: Wa alaikumus salam. Ka sayi faifan waje ka kwafe kawai, mai tera 2 riyal 250 na saye shi.

Ummu Khalil, Riyad: Malam Habibu, ai ya ce ba ya son kwafi. Kuma ni a kasuwar Batha sai da na biya 380.

Sabi'u, Madina: Ƙin da ya yi kariya ce. Idan folda ta samu uwa biyu, alamar .. da ke nufin uwar folda ba ta san wadda za ta koma wa ba, kuma ana iya ƙulla folda a cikin 'yarta, sai manhajar bincike ta yi ta zagaye. Ka yi ln -s, mai ajiye alama da ke nuna inda foldar take, ko mount --bind, mai nuna foldar a wuri na biyu.

Alhaji Bala: Wato ɗawafin da ba ya tsayawa a bakwai.

Baba Ɗanlami, Jidda: Yaro, ka ji maganar Sabi'u. Time Machine na Apple, mai ajiye kwafin fayiloli, da irin mahaɗin da ln ya ƙi yi maka yake aiki a faifai mai tsarin HFS+ tun 2007, kuma ni ban sani ba sai ranar da Mac ɗina ya mutu. Na kai faifan wurin wani mai gyara, ya jona shi da Linux, ya juyo mini allon in gani: foldodi sun zama fayiloli marasa komai. Ya ce faifan ya lalace, ya goge shi kafin in dawo daga La'asar. Ashe kayan suna nan a wata ɓoyayyiyar folda. Hotunan mahaifiyata na Hajjinta na ƙarshe suna ciki.

Sabi'u: Allah ya jiƙanta, Baba. Apple ma ya bar wannan tsarin a APFS, tsarin faifan da ya gaji HFS+.

Malam Habibu: Da an kwafe kamar yadda na ce, da ba a yi asarar ba. Shekara 15 ina wannan aiki.

Ummu Khalil: Shekarun ba su amsa tambayar ba, Malam. Sai dai shi ma mount --bind ɗin, wanda ya yi rm -rf, umarnin gogewa, a cikinsa ainihin fayilolin ya goge.

Abu Maryam: To, wanne zan ɗauka cikin biyun?

Baba Ɗanlami: Abin da ya fi ci mini rai, sai da mai gyaran ya karɓi riyal 50 kuɗin dubawa.

Alhaji Bala: Ni nawa ya goge wayata bai tambaye ni ba, ya kuma ce ni ne ban faɗa masa ina son abin da ke ciki ba.