Faifan kwalbar jam da na tsinta a cikin mota

Bakanike_Garwa:
Salamu alaikum 'yan uwa. Makon jiya wani Alhaji ya kawo mini Corolla 'yar Beljiyam in duba rediyonta, wai ta haɗiye faifai ta ƙi amayarwa. Da na kwance sai ga CD, bangonsa kuma a aljihun ƙofa: hoton kwalbar jam koriya, an rubuta Casiopea, Mint Jams. Alhaji ya ce in jefar. Ban jefar ba.

Yanzu kullum bayan azahar, lokacin da zafin Garwa ke korar kowa gindin dalbejiya, shi nake sakawa a gareji. Kiɗa bakwai, ba mai rera ko kalma ɗaya. Akwai wani mai sanyi, jita na tafiya a hankali kamar mai lallashin yaro, ranar nan har na bar sifana a hannu ina saurare. Yarana suna dariya, wai maigida ya koma jin kiɗan jiran labarai. Su wane ne waɗannan? Kuma ina zan samu irinsa, amma mai sanyin zalla?

Malam_Ngaundare:
Wa alaikumus salam. Ka yi tsintuwa, maigida. Mutanen Japan ne, daga Tokiyo, faifansu na farko ya fito a 1979, wannan kuma 1982. A lokacin su huɗu ne: Issei Noro a jita, Tetsuo Sakurai a jitar bas, Akira Jimbo a ganguna, Minoru Mukaiya a kibod. Abin da zai ba ka mamaki, a gaban jama'a suka kaɗa shi, a wani zaure, sai aka yanke yawancin tafin. Kasa kunne wajen ƙarshe za ka ji mutane. Turawa na ce wa salon "fushan", wato jaz da aka gauraya da rok. Mukaiya ɗin nan mayen jirgin ƙasa ne, har kiɗan tashin jirgi ya tsara wa tashoshi a ƙasarsu. Duk sanda na raka baƙo tasharmu nakan tuna shi.

Hajjo_Injamena:
Ni dai ku yi haƙuri, kiɗan da ba waƙa tamkar miya ba gishiri ne. Yayana yana da irinsu, minti biyar na yi barci.

Ɗan_Marwa:
Hajjo, ai barcin ma magani ne. Kawu, in sanyi kake nema kada ka bi Casiopea a makance, yawancin kiɗansu gudu ne kamar ɗan acaɓa ya hango fasinja. Nemi Sadao Watanabe, mai busa sakso. Ɗan ƙasarmu Kamaru Richard Bona ya kaɗa masa bas, kunnenka zai ji gida a ciki.

Bakanike_Garwa:
Na gode ƙwarai. Bona da mutanen Japan? Ikon Allah. Ɗan_Marwa, rubuto mini sunan daidai in ba yaron da ke tura waƙoƙi a waya a bakin kasuwa. Alhaji kuwa ya dawo jiya, ya tarar ana kiɗan, ya tsaya jim, ya ce in ya gama zagayowa a mayar masa da faifansa.