Ku ba ni shawara, in zuba jarina a kifin banda na Baga?

Ɗan Kanti: Salam 'yan uwa. Na sayar da fili, miliyan biyu ce a hannuna, wani abokina ya ce mu riƙa ɗauko banda daga Baga muna sauke wa a Kano. Wanda ya bi hanyar Monguno kwanan nan, nawa kuɗin mota kwali ɗaya ke ci?

Baban Ummi: Ɗana kar ka fara. Ni kwali tamanin aka ƙona min a wani shinge lokacin da aka hana safarar kifi, ina tsaye ina kallo man kifin na tsiyaya cikin yashi, wai kuɗin kifi ne ke ciyar da mutanen daji, wato 'yan Boko Haram. To ai ba ƙarya ba ne, masunta sai sun biya haraji kafin su jefa koma, har rasit ake ba su, amma ni da bashi na sayo me na yi? Shekara uku ina biya, babur ɗina ma ya tafi.

Mai Shayi: Allah ya mayar da alheri Baba.

Na Diffa: Mu a 2015 har tattasai aka hana, da babur. Matasan da suka rasa sana'a wa kake tsammani ya ɗauke su aiki?

Ɗan Kanti: To kuɗin motar fa?

Direba: Dubu biyar kwali, da na shinge.

Kawu: Biyar a ina? Ƙanena sha biyu ya biya.

Direba: Kawu kai kana Sabon Gari kana shan fanka, ni nake kwana a hanyar.

Kawu: Direba ai lodi yake nema, shawararsa ba ta shiga lissafi.

Mai Shayi: Ku bar shi ya sayi kifin gwangwani, shi ba ya biyan haraji 😂

Baban Ummi: Ba abin dariya ba ne. Na daji ya ci, na shinge ya ci, wa zai so a gama? Tun 2020 aka mayar da mutane Baga amma tafkin Chadi hannun wa yake?

Na Diffa: Ni takin yuriya ne ma damuwata, an ce ana haɗa bam da shi an hana, wanda ake samu a ɓoye kuma kuɗinsa ba a magana.

Kawu: Ai tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya haukace, buhu nawa yanzu wajenku?