Yadin babban kilt: wanda ya taɓa saya ya faɗa mana yadda ya kaya

Baƙon Gilasgo

Assalamu alaikum 'yan uwa. Abokin aikina zai yi aure a watan Satumba a wani ƙauye kusa da Inverness a ƙasar Scotland, ya sa ni cikin abokan ango. To ba ɗinkakken kilt ɗin nan da ake haya a shago za a sa ba, wato tufar gargajiyar mazansu mai kama da siket. Na mutanen da ne, babban kilt, wanda da harshen Gelik suke ce wa feileadh mòr. Yadi ne zalla ba ɗinki, kai za ka tattara shi da hannu, ka ɗaure da bel, sauran ka yafa a kafaɗa. Ango ya ce kowa ya sayo nasa. Na leƙa intanet kaina ya ɗaure: oza 11, oza 13, oza 16, mai faɗi ɗaya, mai faɗi biyu. Don Allah wanda ya taɓa saya ya faɗa mini yadda ya yi.

Ɗan Abadin

Wa'alaikumus salam. Bari in fara, tunda ni na riga kowa cin wuya. Shekara uku ke nan na sayi mai oza 16, yadi biyar, don mai shagon ya ce shi ne na asali. Gaskiya ya faɗa, amma na ɗinkakken kilt yake nufi, ni kuma ban tambaya ba. Ozar nan nauyin yadi ɗaya ce, ka lissafa: 16 sau biyar, oza 80, ya haura kilo biyu. A waje da iskar Abadin na kaɗawa na ji daɗinsa. Da muka shiga zaure aka kunna hita, sai ka ce na yafa katifa. Tattarar ta taru mini a baya ta yi tudu, kujera ma da ƙyar na zauna. Da yau ne, 13 zan ɗauka, ko 11 in cikin gini za a wuni.

Tsohon Tela

Yaro, kafin ka kalli launi, kalli faɗi. Shekara ashirin na yi a kan keke a Fagge kafin 'ya'ya su ɗauko ni, kuma na gyara wa mutum biyu irin wannan a nan Edinbara. Faɗin yadin shi ne tsawonsa a jikinka, daga gwiwa har ya wuce kai. Tsawon yadin kuma shi ke zagaye ka. Saboda haka sai mai faɗi biyu, inci 54 zuwa 60. Na farkon da ya zo mini mai faɗi ɗaya ya sayo, wajen inci 30, yana murna ya samu da sauƙi. Sai da ya koma ya ƙaro, na haɗa biyun a tsakiya, kuma kafin gidajen zanen yadin su hau kan juna sai da na warware ɗinkin sau biyu.

Abin da ya ba ni dariya, ashe mutanen da ma haka suke yi. Masaƙarsu ƙarama ce, sai su saƙa dogo, su raba biyu, su haɗa gefe da gefe, kamar yadda muke haɗa gwado ko saƙi. Shi ya sa in ka ji ana cewa babban kilt yadi tara ne, kar ka firgita, tara na siririn ake nufi. A mai faɗi biyu huɗu da rabi ke nan. Siririn mutum yadi huɗu ya ishe shi. Mai tumbi irina, biyar.

Baƙon Gilasgo

Baba na gode. Tsawona ƙafa shida da inci ɗaya ne, ba ni da jiki. Kuma akwai abin da ke damuna, gwiwa. Ban saba fita da ita a waje ba.

Tsohon Tela

To inci 60 za ka nema, kar ka yarda da 54. Maganar gwiwa kuwa, a nan babban ya fi ɗinkakken. Shi ɗinkakke inda tela ya yanke nan ya tsaya. Wannan kai ke zaɓen inda bel zai zauna, ka sauke shi ya rufe gwiwa, ka sa doguwar safa. Sai dai duk incin da ka ƙara a ƙasa, daga na yafawa ka cire shi.

Uwar Biyu

Ni tsarabar Royal Mile, titin nan na 'yan yawon buɗe ido a Edinbara, ita ta koya mini hankali. Ranar al'adu aka yi a makarantar yarana, babban ya nace sai irin na mutanen tsauni. Na shiga wani shago na ga yadi ja mai gidan dara, sai sheƙi yake, ga araha, an rubuta tartan ɓaro-ɓaro, wato sunan yadin da ake kilt da shi. Muka shimfiɗa a falo, muna tattara nan, can na warwarewa, santsi kamar leda. Babansu ya riƙe gefe, ni na danne da gwiwa, yaro ya kwanta a kai, yana miƙewa komai ya zube ƙasa. Daga baya maƙwabciyata, tsohuwa 'yar ƙasar, ta zare zare ɗaya ta kai bakin ashana. Ya narke ya dunƙule, ta ce roba ce. Ta kawo ƙyallen ulu ta ƙona, ƙauri ya tashi kamar ana babbakar kan rago ranar Sallah, ya zama toka. Tun daga ranar ban ƙara sayen yadi mai yawa ba sai na karɓi ɗan ƙyallen gwaji. Masaƙu da manyan shaguna suna aikowa, kuɗin ba yawa.

Amma kar a ce na kushe na roba gaba ɗaya. Akwai poly-viscose da ake saƙawa musamman don kilt, yana shiga injin wanki, shi na saya wa yaran daga baya. Babba mai zuwa biki dai, ulu.

Malamin Dundee

Ƙanina, ba ka tambayi maganar dangi ba, amma na san tana zuwa, don ni ta hana ni barci. Na yi ta tsoron kar in sa tartan na wani gida a ce na yi shisshigi. Da na bi tarihin sai na ga a zamanin da babban kilt yake tufar yau da kullum, daga ƙarshen ƙarni na 16 zuwa tsakiyar na 18, babu wannan tsari na kowane dangi da zanensa. Abin da masaƙin yankinku ya saƙa da rinin da ya samu, shi kake sawa. Bayan yaƙin Culloden a 1746 gwamnati ta hana maza sa tufafin tsauni, ba a ɗage dokar ba sai 1782. Raba zane gida-gida ya kankama ne a ƙarni na 19, musamman bayan ziyarar Sarki George na Huɗu Edinbara a 1822.

Na je na ga tsohon ƙyallen Glen Affric da aka nuna a gidan tarihi na V&A na nan Dundee a 2023, wanda aka tono a cikin taɓo, aka ƙiyasta an saƙa shi tsakanin 1500 da 1600. Launinsa duk ya kwanta, ba ya ihu. Shi ya sa da na tashi saye na ɗauki rinin da suke kira weathered, mai kama da wanda ya sha rana da ruwa. In kana son ka huta da tambaya, zanen da ake kira Black Watch na kowa ne, akwai kuma na garuruwa da yankuna. Wanda za ka bari shi ne Balmoral, na gidan sarauta ne. Amma tunda biki ne, fara tambayar ango ko yana son ku yi anko.

Ɗan Abadin

Malam ka tuna mini girman gida. Ƙananan gidaje a yadi biyar suna sa mutum ya yi kama da teburin cin abinci. Mai manyan gidaje, inci shida ko fiye, ya fi kyau daga nesa, kuma layin na taimaka maka wajen tattarawa, kana bin sa ɗaya bayan ɗaya.

Uwar Biyu

Kuma in an gama biki kar ka cusa shi a kwaba haka nan. Asun ƙasar nan ba ya wasa da ulu, ya cinye mini rigar sanyi biyu. Jaka mai zif.

Baƙon Gilasgo

Allah Ya saka da alheri. Na kira ango, ya ce ba anko, kowa da nasa, kar dai a sa ja don na gidansu ne. Na aika wata masaƙa a Selkirk ta turo mini ƙyalle uku, biyu oza 13, ɗaya 11. Na gwada shimfiɗa bargo a ɗakina don in koyi tattarawar, sai na ga tsakanin gado da bango ko yadi uku babu. Baba, bakin da aka yanke fa, kalmasa ake yi masa ko a bar shi?

Tsohon Tela

Ba kalmasa. Zare zaren kwance kamar rabin inci ya zama geza. Kawo shi ranar Asabar bayan Azahar, falona ya fi naka faɗi. Ka taho da bel mai kauri, ba na wandon ofis ba.