Allurar wata uku da mai shan maganin ƙanjamau

Maman Amira: Assalamu alaikum 'yan uwa. Raina a ɓace yake. Ƙanwata tana shan maganin ƙanjamau, aka yi mata allurar ƙayyade iyali ta wata uku, yanzu zanenta ma ba ya zama a ƙugu don rama. Wallahi allurar nan ce ke ƙara wa cutar ƙarfi.

Anti Nas: Wa'alaikumus salam. Yaya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince mai ɗauke da cutar ta yi allura, ta sha ƙwaya ko ta sa ashana a hannu. A auna yawan ƙwayar cutar a jininta, a kuma duba ko tana tsallake magani. Matsalar da aka sani ta wani maganin ƙanjamau ce mai suna efavirenz, yana rage ƙarfin ashana har ciki ya shiga. Maganin dolutegravir da ake bayarwa yanzu ba ya haka.

Hajiya Babba: Tsaya. Wa ya ce "ƙayyade"? Allah ke ƙayyade 'ya'ya. Tazarar haihuwa ake cewa.

Maman Amira: Hajiya, zancen ƙanwata nake yi.

Uwar Biyu: An dai canza suna don mu yarda. Ƙayyadewa ce, sun yi mata kwalliya.

Hajiya Babba: Ke yarinya, shayarwa shekara biyu a Alƙur'ani take. Ita ma Turawa suka kawo?

Uwar Biyu: Mun manta da Trovan a Kano a 1996? Yara nawa aka yi gwaji a kansu?

Anti Nas: Wannan maganin sanƙarau ne, me ya haɗa su? Wani bincike mai suna ECHO da aka fitar da sakamakonsa a 2019 ya bi mata 7,829 a Kenya, Zambiya, Eswatini da Afirka ta Kudu, ba a ga wani babban bambanci wajen kamuwa da ƙanjamau ba tsakanin allura, ashana da robar mahaifa.

Uwar Biyu: Ai dole ki kare su, da su kike cin abinci.

Anti Nas: Allah ya isa tsakanina da ke.

Maman Amira: To ramar fa?

Hajiya Babba (shugabar zaure): Na rufe. Abin da aka tsayar: a zauren nan tazarar haihuwa ake cewa, kuma Uwar Biyu ta nemi gafarar manya. Maman Amira, ki kai ta asibiti gobe, Allah ya ba ta lafiya.