Me ya sa aka tsawaita jiragen yaƙin ruwa samfurin Type 42?

Mai Nazari:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina neman bayani kan jiragen yaƙin ruwan Birtaniya samfurin Type 42, waɗanda aka daina amfani da na ƙarshensu, HMS Edinburgh, a 2013. Me ya sa huɗun ƙarshe suka fi na farko tsawo?

Dattijo:
Wa alaikumus salam, Malam. Tsimin kuɗi ne ya jawo haka. Tun wajen zane aka rage tsawon jirgin domin kada farashinsa ya wuce abin da gwamnati ta ware, shi ya sa HMS Sheffield, wanda ya fara aiki a 1975, bai wuce mita 125 ba. Idan teku ta yi hauka, igiyar ruwa takan haye gabansa, inda bindiga da maharbin makami mai linzami na Sea Dart suke. Saboda haka aka ƙara wa Manchester, Gloucester, Edinburgh da York tsawo zuwa kusan mita 141.

Ɗan Bakin Ruwa:
Dattijo ya yi gaskiya, amma a ganina babban raunin ya fito fili ne a yaƙin tsibiran Falkland tsakanin Birtaniya da Ajantina a 1982. An tsara Sea Dart ne domin jiragen sama masu shawagi can sama, ya kan yi wahala ya kama abin da ke tafe dab da ruwa. Makami mai linzami na Exocet da Ajantina ta harba ya sami Sheffield ranar 4 ga Mayu, mutum 20 suka rasu, sannan bama-bamai suka nutsar da Coventry, wani jirgin Type 42, ranar 25 ga watan. Bayan yaƙin aka ɗora wa jiragen Type 42 bindigar Phalanx, mai kakkaɓo makamai da jiragen saman da suka matso kusa.

Mai Nazari:
Na gode ƙwarai. Ashe Ajantina ma tana da biyu irinsu a lokacin yaƙin.