Kulle faifai a Windows 11: in bar shi ko in kashe wa kwastoma?

Mai Gyara, Kano:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da shagon gyaran kwamfuta, akwai abin da ya tsaya mini a rai. Tun fitowar sigar Windows 11 da ake kira 24H2, in ka ɗora shi sabo ka shiga da asusun Microsoft, yakan kulle faifan da kansa, ya ajiye makullin, lambobi 48, a cikin asusun. Watan jiya wata Hajiya ta dawo da laftof ɗin da na saita mata. Na canja madabod, wato babban allon da ke cikin na'urar, ina kunnawa sai shuɗin allo, wai a kawo lambobin. Ni na buɗe mata imel ɗin asusun a gurguje, ban rubuta mata kalmar sirri ba, layin da muka sa kuma na yaron shagona ne, ya daɗe da ɓata. Hotunan bikin 'yarta duk suna ciki. Laifina ne, ban musa ba. To in riƙa kashewa tun farko?

Ɗan Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Oga, Rufus, manhajar da ake haɗa filashin ɗora Windows da ita, ya gama maka aiki. Wajen haɗa filashi akwai akwatin cire wajabcin asusu, akwai na hana BitLocker, wato tsarin da ke kulle faifan, kunna kansa. Danna biyun, ka huta.

Malama daga Samaru:
Malam, a'a. An sace mini laftof a adaidaita sahu, da sakamakon jarrabawar ɗalibai a ciki da hoton katin shaidata. Abin da ya sa na iya barci shi ne faifan a kulle yake. Wanda ya zo shagonka bai ma san akwai wannan zaɓi ba. In ka kashe a ɓoye, kai ma ka yanke masa hukunci ke nan ba da saninsa ba. Ka bar shi, amma ka sa ya buɗe imel da layinsa, ka buga masa lambobin a takarda, ya ajiye inda yake ajiye takardar fili.

Baffan Yara:
Ni Linux Mint nake amfani da shi a madadin Windows, shi wajen ɗorawa tambayarka yake yi, in kana so ka danna. Sai dai gaskiya, mutum nawa ke dannawa? Ni kaina ban danna ba.

Mai Gyara, Kano:
Malama, na gode, na karɓi ta takarda. Hajiya kuma gobe za mu zauna mu cike fom ɗin dawo da asusu. Ta ce tana tuna rabin kalmar.