Daga Ngaundare zuwa Mogode da mota mai ɗaki: ta Durbeye ko ta Marwa?

Mai Atamfa, Ngaundare

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka taka hanyar arewacin Kamaru da tayarsu, don taswirar waya ta gama rikita ni.

Ina da wata tsohuwar Hiace doguwa mai shan dizal, shekara shida ina jigilar dilolin atamfa da ita. Bana na cire kujerun baya na kai ta wurin kafinta da mai walda, suka mayar min da ita ɗaki: gado mai naɗewa, akwati a ƙarƙashinsa, tankin ruwa na lita 200 a can baya, tukunyar gas da ɗan murhu, faifan sola a rufi, da ragar ƙarfe a sama don jakunkuna da tabarmi. Yaran unguwa tafi-da-gidanka suke ce mata. Saboda Inna na yi wannan aikin. Gwiwa ta hana ta zaman motar haya, ga jiri da amai da zarar hanya ta fara lanƙwasa. Ƙanwarta tana aure a Mogode, rabonsu da juna shekara goma sha ɗaya, waya kawai. Na yi mata alkawari hutun Disamba zan kai ta. Mu bakwai ne: ni, Inna, maiɗakina, yara uku da ƙanena. Yaran kuma sun ƙwallafa rai a kan duwatsun Rumsiki, kusa da Mogode, tun da suka gan su a littafin makaranta.

Abu biyu ke damuna. Na farko falez, wato babbar gangarar dutsen da ake saukowa bayan an bar Ngaundare za a Garwa. Shekara biyu da suka wuce na sauko ta da kaya har rufi, ƙafata a kan birki tun daga sama. Can wajen ƙauyen Wak na fara jin ƙauri kamar an jefa tsumma a wuta, na taka birki na ji ya tafi ƙasa luɓus. Allah ne ya sa gangarar ta kusa ƙarewa, na samu na raɓe. Da na watsa ruwa a tayar gaba sai da ta yi cuuu, tururi ya tashi. Ran nan ni kaɗai ne da yaron motata. Yanzu kuwa da uwata zan sauko.

Na biyu, daga Garwa ina zan bi? Waya tana nuna min ta Gidar, Mayo Ulo, Durbeye, Bukula, Burha, in ɓullo Rumsiki ta kudu, ta ce ya fi kusa. Ɗaya hanyar kuma in miƙe kwalta ta Figil har kusa da Marwa, in juya Mokolo, sannan in gangaro Mogode. A ido wannan zagaye ne babba, kuma dizal ba kyauta ake ba ni ba. Wacce ta fi sauƙi ga mota irin tawa da tsohuwa a ciki?

Tsohon Direba

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da wannan niyya. Shekara ashirin da biyu na yi ina ɗaukar kaya daga tashar jirgin ƙasa ta Ngaundare zuwa Kusiri da Njamena, falez kuwa ban san adadin saukowar da na yi mata ba. Bari in fara da ita tun da ita ba ta da makewaya. Kana tashi daga tudun da ya haura mita 1,100, Garwa kuwa a bakin Binuwai take, mita 200 da 'yan kai. Babban rabon wannan saukar a falez ake yin sa, cikin 'yan kilomitoci, kwana bayan kwana.

Abin da ya same ka ran nan ba lalacewar mota ba ce, kai ne ka dafa birkin. In ka ɗora ƙafa ba ɗagawa, ƙarfen ya yi zafi, fatar birki ta daina kamawa, man birki ya tafasa a cikin bututu. Shi ne ka ji feda ta tafi ƙasa. Ruwan da ka watsa ma kuskure ne, yana iya lanƙwasa faifan ko ya tsaga shi. Raɓewa ake yi, a sa weji, a zauna a inuwa har ya huce da kansa.

Maigidana da ya koya min mota yana cewa, giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauka. In motarka da kaya a lamba biyu take hawa falez, to a lamba biyu za ka sauko, kuma tun a sama za ka sa ta kafin gangara ta ja ka. Inji zai yi ta kuka, yaran za su ce Baba mota za ta fashe, ƙyale su. Kukan nan shi ke riƙe ka. In gudu ya ƙaru ka taka birki da ƙarfi ɗan lokaci, ka sake, ka bar iska ta shiga. Kada ka kuskura ka sa firi don tsimin mai, kada ka danne kulochi kana gangarowa. Mu a manyan motoci muna da birkin inji da ke toshe salansa, taka ba ta da shi, giya ce kaɗai gatanka.

Ka bar gida bayan sallar asuba ka iso bakin falez da hantsi, gari ya waye sarai, hazon hunturu ya ɗan ɗaga, kwalta ba ta yi zafi ba. In ka tarar da tirela tana rarrafe a gabanka, bi ta a hankali, kada ka wuce ta a kwana. In ka ga ganye ko reshe an jera a kan hanya, mota ce ta mutu a gaba.

Batun Garwa zuwa can, ni Marwa zan ce. Amma na daɗe ban bi ta Burha ba, bari yara su faɗa.

Mai Babur, Gidar

Baba Direba a gafarce ni, amma Yaya Mai Atamfa, ta wajenmu za ka biyo. Me zai kai ka Marwa? Garwa zuwa Marwa fiye da kilomita 200, Marwa zuwa Mokolo 80, sannan ka sake juyowa kudu. Ka tafi gabas ka dawo yamma kenan. Ta Gidar kuwa yaran su ga Kola, inda Mayo Luti ya ratsa dutse ya yi kwazazzabo, a Disamba ruwa ya ja ana shiga ciki da ƙafa. Ni watan jiya na je Burha na dawo rana ɗaya, ko faci ban yi ba. Rani ne, ba laka.

Uwar Biyu, Mokolo

Ƙanena Mai Babur, da babur ka je, kai kaɗai, ƙashinka bai wuce shekara talatin ba. Inda ka karkace ka bi gefen rami, shi da taya huɗu zai faɗa ciki.

Malam Mai Atamfa, ni 'yar Mokolo ce, dangin mijina kuma suna Burha, na bi hanyar nan ta kudu har sau uku. Kyau kam akwai shi. Amma daga Durbeye zuwa sama hawa ne da sauka a kan jar ƙasa da tsakuwa, wani wurin damina ta cinye ƙasar ta bar ƙashin dutse tsirara. Zuwanmu na ƙarshe da surukata muka je. Tun kafin Bukula ta fara amai, muka tsaya ya fi sau biyar, da muka isa sai da aka kama ta aka shigar da ita ɗaki, kwana biyu ba ta gaisa da kowa ba. Zumuncin da aka je yi a kwance aka yi shi. Kai da Inna ta jira shekara goma sha ɗaya, kada ka kai ta a haka.

Akwai kuma mashigan mayo, wato rafi, inda ba gada sai daɓen siminti da aka shimfiɗa a cikin rafin. Ko ba ruwa, saukarsa da hawansa a tsaye suke. Mota doguwa gaba ya wuce, gindi ya daki ƙasa. Kuma ka ce tankinka a baya yake.

Ta Marwa kwalta ce har Mokolo. Ban ce ba ramuka ba, amma fili ne shimfiɗe ta Pitowa, Figil, Muturwa, kuma ko'ina ka tsaya akwai mai faci, akwai masallaci, akwai inda za a sayi ruwa. Ba sai ka kutsa cikin Marwa ba in ba kwana za ka yi ba, mararrabar Mokolo tana kafin gari. Daga nan Gazawa, Mokong, Zamai, hawan a hankali yake zuwa, ba ka ankara ba sai ka ga duwatsu sun kewaye ka, gonakin ƙabilar Mafa hawa-hawa a jikinsu. Wahalarka ta gaske daga Mokolo ce zuwa Mogode da Rumsiki, wajen kilomita 50 gaba ɗaya, kuma Mogode za ka fara tararwa. Gargada ce da duwatsu, ka ba ta awa biyu ko fiye, ka sa Inna a kujerar gaba ba a gado ba. A kwance jiri ya fi kama mutum, a gaba kuwa idonta na kan hanya. Kada ta yi karin kumallo da mai, ɗan kunu ya isa, a riƙe mata lemun tsami da citta.

Sai maganar da ba a so a yi amma dole. Yankin nan bakin iyakar Najeriya ne. Kada magariba ta same ka a hanya ko ta wace fuska ka biyo, kuma wannan ɗakin naka kada ya ruɗe ka ka ce za ka kwana a daji don iska mai daɗi. Cikin gari, ƙofar gidan wanda ka sani. In wani ya ce maka ka zaga ta Mora ka hau ta Koza don yara su ga tsauni, ka ce masa ka gode. Da ka iso Mokolo ka tambayi direbobin tasha da jandarma yadda hanyar Mogode ta kwana, su suke da labarin safiyar ranar. Katin ɗan ƙasa na kowane babba da takardun haihuwar yara su kasance a hannu, shingaye suna da yawa. In ka dace da Laraba kasuwar Mokolo ke ci, garin cike yake. Ku zo da barguna, sanyin dutse a Disamba ba ya wasa, ko da yake ku mutanen Ngaundare ba baƙinsa ba ne.

Bakanike, Garwa

Alhaji, ni motar nake ji wa. Lita 200 na ruwa kilo 200 ne, nauyin manya uku, kuma ka ajiye su bayan tayar baya. A gangara suna tura ka, a hawa suna ɗaga maka gaba. In tankin rabi ne ya fi muni, ruwan yana kai-komo a kwana yana jan motar gefe. Ka sauko falez da shi babu komai, jarka biyu ta ishe ku sha da alwala, ka cika a inda ka sauka. Kayan nauyi su sauko daga rufi su koma ƙasa tsakanin tayoyi, sama a bar tabarmi da katifa. Tukunyar gas a tsaye, a ɗaure, a rufe.

Kafin tafiya a zubar da man birki a sa sabo. Tsoho yana shan danshi, shi ya sa yake saurin tafasa, kuma na tabbata tun ranar Wak ba ka canza shi ba. A duba fatar birki gaba da baya, a wanke lagireto, ka riƙe fambel na ajiya da safaya biyu. In allurar zafi ta hau a hawan Mokolo, ka tsaya ka bar inji yana aiki ya sauko da kansa, kada ka buɗe murfin lagireto da zafinsa. Dizal kuma ka sha a gidan mai a Garwa ko Marwa, na jarka a bakin hanya wani da ruwa yake zuwa.

Mai Babur, Gidar

To na ji, an taru a kaina. Amma Kola ba ta da nisa da babbar hanya, a dawowa ku ratso. Rumfata tana nan, shayi a wuyana.

Mai Atamfa, Ngaundare

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Bakanike, ka kama ni, man birkin nan shi ne dai na ran nan, gobe zan kai ta gareji. Baba, na faɗa wa ƙanena batun lamba biyu, ya ce ai sai mu kwana a falez, na ce ko kwana biyu ne ni zan riƙe sitiyari.

Ga yadda na tsara. Ranar farko Ngaundare zuwa Garwa, kusan kilomita 280, mu kwana gidan abokin kasuwancina. Ta biyu Garwa zuwa Mokolo ta hanyar Marwa. Ta uku da hantsi, bayan na ji ta bakin direbobin tasha, mu lallaɓa Mogode. Hajiya Uwar Biyu, na karanta wa Inna labarin surukarki, ta ce ita kam a gaba za ta zauna ko ba a ce ba. Mai Babur, in Allah ya dawo da mu lafiya ka ɗora tukunya, mu bakwai ne.

Saura matsala ɗaya. Na sauke tanki na rage kilo 200, sai Inna ta ce ba za ta shiga gidan ƙanwarta hannu rabbana ba, in mun iso Mbe dole a tsaya a sayi doya. Na ce ƙwarya nawa, ta ce a bari ta gani da idonta tukuna. Bakanike, Mbe dai bayan falez take, ko ba haka ba? Buhu nawa zan iya yarda da shi kafin hawan Mokolo?